Fasahar Nutsarwa da Farfaɗo da Waɗanda Rikici Ya Shafa: Nazari Daga Agyaragu

Agyaragu gari ne da ke kudu da Lafiya, a kan babbar hanyar da ta nufi Makurɗi, kuma fatake sun san shi da kasuwar doya. Sarautar gargajiyar wurin ta Migili ce, waɗanda ake kuma kira Koro, amma garin ya tara Eggon da Alago da Tibi da Hausawa da Fulani, kamar yawancin garuruwan kudancin Jihar Nasarawa. A watan Nuwamba na 2012 aka kai wa garin harin da aka danganta da ƙungiyar Ombatse, aka kashe mutane, aka ƙona gidaje har da fadar sarkin Migili. Ranar 7 ga Mayu 2013 kuma aka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a ƙauyen Alakyo, aka kashe fiye da 70 daga cikinsu, abin da ya sa gwamnatin jihar ƙarƙashin Umaru Tanko Al-Makura ta kafa kwamitin bincike na shari'a. A 2018, bayan da Jihar Binuwai ta fara aiki da dokar hana kiwon sake, rikicin manoma da makiyaya ya watsu zuwa ƙananan hukumomin Awe da Keana da Obi da Doma, Agyaragu ta zama ɗaya daga cikin garuruwan da 'yan gudun hijira suka fake. Garin ya ga rikici a cikin gidansa, ya kuma karɓi waɗanda rikici ya koro daga nasu gidajen. Saboda haka muka zaɓe shi ya zama ma'aunin da za mu auna wata fasaha da ake yawan ambata yanzu wajen kula da waɗanda yaƙi ya taɓa.

Da fasahar nutsarwa muna nufin duk wata na'ura da ke mamaye gani da jin mutum har ya ji kamar yana cikin wani wuri daban da wanda jikinsa yake. Yawanci tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a kai, da majigi ƙarami a gaban kowane ido, da na'urar da ke bin motsin kai, ta yadda in mutum ya waiga hagu sai hoton ya waiga tare da shi. Ivan Sutherland ne ya haɗa irinsa na farko a Amurka a 1968. Fasahar ta kasu uku. Akwai duniyar kwaikwayo, wadda kwamfuta ke zanawa gaba ɗaya, mutum ya yi tafiya a cikinta ya taɓa abubuwa su amsa. Akwai ƙarin gani, inda mutum ke ganin ɗakin da yake ciki kamar yadda yake, sai na'ura ta ɗora wani hoto a kai, misali hannu a inda babu hannu. Sai bidiyon kewaye, wanda aka ɗauka da kyamara mai kallon ko'ina; mai kallo yana iya waiwaye a cikinsa amma ba ya iya canza komai. Abin da ya haɗa su shi ne abin da masana ke kira halarta, wato yadda jiki ke gaskata wurin ko da hankali ya san zane ne: gumi ya karyo, zuciya ta buga, ƙafa ta ƙi taka bakin ramin da mutum ya san babu shi. Duk amfanin fasahar a asibiti daga wannan halartar yake fitowa, haka ma duk haɗarinta.

Farfaɗowa kuwa ita ce aikin mayar wa mutum iyawar da ya rasa, har ya koma gudanar da rayuwarsa gwargwadon hali. Ta bambanta da jinyar gaggawa, wadda ke ƙarewa da zarar an tsayar da jini an ɗinke rauni. Sassanta uku ne: na jiki, kamar koyon tafiya da ƙafar roba, na zuciya da ƙwaƙwalwa, kamar komawar barci, da na zamantakewa, kamar komawa gona ko kasuwa ko zama da maƙwabcin da aka yi gaba da shi. Wanda rikici ya shafa kuma ba wanda aka sara ko aka harba kaɗai ba ne. Matar da ta ga an kashe mijinta tana ciki, da yaron da ya kwana a daji, da ɗan sandan da ya tsira daga Alakyo, har da matashin da ya ɗauki makami. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da aka yi rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Mu fara da sashen zuciya, domin a nan fasahar ta yi suna. Ciwon firgita shi ne lalurar da ke biyo bayan mummunan abu, inda abin ke dawo wa mutum a mafarki ko a farke, ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa, ya kasance kullum a tsorace, kuma halin ya wuce wata guda yana hana shi harkokinsa. Masu fama da shi ba sa kiran sunansa. Abin da ake ji a bakinsu shi ne “gabana yana faɗuwa”, “barci ya ƙaurace mini”, “tunani ya yi mini yawa”, ko kuma a ce wane ba ya son jin ƙarar babur da dare. Ɗaya daga cikin hanyoyin maganin da suka fi samun shaida ita ce fuskantarwa: ƙwararre ya sa mai ciwon ya tunkari abin da yake gudu, kaɗan-kaɗan, a wuri mai aminci, yana maimaitawa har jiki ya koyi cewa tunawa da abu ba sake faruwarsa ba ne. A da ana yin wannan ta hanya biyu, ko dai mutum ya rufe ido ya ba da labarin, ko a raka shi wurin da yake tsoro. Matsalar ita ce wasu ba sa iya buɗe labarin. Sukan faɗe shi a bushe kamar na wani ne. Don irin waɗannan aka fara tunanin a gina musu wurin a cikin tabarau.

Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges suka wallafa gwajin farko a 1995, a kan masu tsoron bisa. Daga nan suka gina wa tsofaffin sojojin Amurka dajin Biyetnam na kwaikwayo a 1997. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, JoAnn Difede da Hunter Hoffman suka yi irin wannan ga waɗanda suka tsira a Niyok. Wanda ya fi shahara shi ne tsarin da Albert Rizzo ya jagoranci ginawa a Jami'ar Kudancin Kalifoniya don sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan, wanda ake kira Bravemind. Yana da kyau mu dubi yadda zaman yake gudana. Sojan yana zaune ko tsaye a kan wani dandamali mai girgiza, tabarau a kansa, yana cikin motar yaƙi a kan hanyar hamada. Likita na gefe da allon sarrafawa. A zaman farko ba a saka komai sai hanya da ƙarar inji. Sojan yana ba da labarinsa da bakinsa, likita yana tambayarsa lokaci-lokaci ya auna damuwarsa daga 0 zuwa 100. In ta lafa, sai ya ƙara abu guda daga cikin abin da sojan ya ambata: faɗuwar rana, harbi daga nesa, warin dizal ko na roba mai ƙuna daga wata 'yar na'urar turare. In ta hau da yawa, sai ya tsaya a nan har ta sauko. Na'urar ba ta yanke shawarar komai. Mutumin da ke riƙe da allon ne ke yi.

Shaidar da aka samu tana buƙatar a karanta ta da natsuwa. A 2016 Greg Reger da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da sojoji 162, inda aka raba su uku: masu fuskantarwa da tabarau, masu fuskantarwa ta ba da labari, da masu jira. Rukunai biyun farko sun fi masu jira samun sauƙi, amma tabarau bai fi labari ba, kuma da aka sake duba su bayan wata uku da wata shida, masu labarin ne suka fi. Hukuncin da ya dace a nan shi ne fasahar tana aiki, sai dai ba ta zarce tsohuwar hanya ba. Amfaninta na musamman yana ga wanda tsohuwar hanyar ta gagara, ko wanda ke jin kunyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa amma zai yarda ya saka na'ura. Tun bayan 2022 masu wannan tsari sun shiga gina irinsa don Yukiren, inda yawan masu rauni ya fi ƙarfin likitocin ƙasar.

Idan muka kawo wannan tsari Agyaragu, bambanci na farko da za mu ci karo da shi shi ne na wuri. Sojan Amurka ya bar Iraƙi da dubban kilomitoci. Ba za a iya mayar da shi titin da bam ya tashi ba, shi ya sa aka zana masa titin. Mutumin Agyaragu kuwa yana bin ta gaban kangon da aka ƙona a hanyarsa ta zuwa kasuwa. Wurin da za a kashe kuɗi a zana yana nan tsaye, ana iya raka shi can da ƙafa. Bambanci na biyu ya fi nauyi. Fuskantarwa ta ginu ne a kan cewa haɗarin ya wuce, abin da ya rage tsoro ne da ya ƙi tafiya. Manomin da ya gudo daga wani ƙauye na Keana ko Obi, wanda har yanzu ba ya iya kwana a gonarsa, tsoronsa na ƙarar babur da dare ba duka ne ciwo ba. Wani ɓangarensa hankali ne da ke tsare masa rai. Ƙwararren da zai yi aiki da shi dole ya iya rabe tsoron da ya zama cuta da tsoron da ke da dalili, kuma wannan rabewar ba a allon kwamfuta ake yin ta ba, sai da sanin garin da abin da ke faruwa a cikinsa a wannan makon.

Bambanci na uku shi ne wanda ya fi damun mu. A tsarin sojoji, maharin baƙo ne na wata ƙasa, ba za a sake haɗuwa da shi ba. A kudancin Nasarawa maharin yana da harshe da tufafi da kamanni na mutanen da ake cin kasuwa ɗaya da su, ana auratayya da su, yara suna aji ɗaya. Duk wanda zai zana harin 2012 ko na 2018 a cikin tabarau sai ya yanke shawarar wace riga zai sa wa mai riƙe da adda, da wane harshe zai yi ihu. Ko wace amsa ya bayar, ya zana wata ƙabila a matsayin abin tsoro, ya kuma saka ta a idon mutum da ƙarfin da hoto na yau da kullum ba shi da shi. Ga kuma abin da kowa ya sani game da wayoyinmu: abin da aka yi don ɗakin likita, ranar da ya fita zai zaga WhatsApp a matsayin hujjar abin da “suka yi mana”. Ra'ayinmu shi ne, in har za a gina irin wannan don yankin, a tsaya ga wuri da yanayi, wato hanyar gona da almuru, hayaƙi daga nesa, haushin karnuka, a bar fuskar mutane ga labarin da mai ciwon zai bayar da bakinsa. Wanda hakan zai fi yi wa amfani shi ne ɗan gudun hijirar da ƙauyensa ya yi nisa ko ba ya shiguwa, ko wanda zaman lafiya ya samu a garinsu amma ƙafarsa ta ƙi komawa.

Sashen jiki bai yi suna kamar wancan ba, amma a ganinmu ya fi dacewa da wuri irin wannan. Rikicin da ake ƙona gidaje yakan bar masu ƙuna, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin da ake wanke ƙuna ya san irin kukan da ake yi a lokacin cire bandeji. Tun daga 1996 Hunter Hoffman da David Patterson suka fara gwada wata dabara a cibiyar ƙuna ta Harborview da ke Siyatil: a saka wa majinyaci tabarau ya shiga wani kwarin ƙanƙara yana jifan abubuwa da dunƙulen ƙanƙara, ma'aikaciyar jinya tana aikinta. Dalilin aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Jin zafi yana cin hankali, hankali kuma yana da iyaka. In aka cika shi da wani abu, rabon da ya rage wa zafin sai ya ragu. Gwaje-gwaje da dama sun nuna raguwar zafin da majinyata ke bayyanawa, a matsayin ƙari a kan maganin kashe zafi. Wannan amfani ba ya buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, ba ya taɓa labarin rikicin, ba ya buƙatar harshe, kuma ma'aikacin jinya zai iya koyonsa cikin ɗan lokaci. Asibitin da ke karɓar masu rauni daga yankin, kamar wanda a da ake kira Dalhatu Araf a Lafiya, nan ne wurin da ya kamata a fara tunaninsa.

Sai ciwon gaɓar da aka yanke, wato zafin da mutum ke ji a hannu ko ƙafar da babu ita, wanda ke samun mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa. Mutum zai ce yatsun ƙafarsa suna murɗewa, alhali an yanke ta daga gwiwa. In bai samu mai yi masa bayani ba sai ya ɗauka jifa ne ko taɓin hankali. A shekarun 1990 V. S. Ramachandran ya nuna cewa madubi na iya taimakawa. Ana jingina dogon madubi tsakanin ƙafafu, fuskarsa tana kallon lafiyayyar, mai ciwon ya riƙa motsa ta yana kallon hotonta a inda ɗayar take a da, har ƙwaƙwalwa ta ga gaɓar da ta ɓata tana motsi ta saki. A 2007 aka gwada wannan a asibitin soja na Walter Reed, minti 15 kullum har mako huɗu, kuma duk waɗanda suka kammala a rukunin madubi sun ce zafin ya ragu, ko da yake mutanen kaɗan ne. A 2016 Max Ortiz-Catalan na Jami'ar Chalmers a Suwidin ya yi amfani da ƙarin gani: aka liƙa wayoyi a dungun hannu suna karanta motsin tsoka, majigi yana nuna cikakken hannu yana bin umarnin mutum. A cikin mutum 14 da sauran magunguna suka gagara, zafin ya ragu da kusan rabi. Tsarin da ya dace a nan a bayyane yake: a fara da madubin da ake sayarwa a kasuwar Agyaragu, a ajiye na'ura don wanda aka yanke wa gaɓoɓi biyu, wanda ba shi da lafiyayyar da zai nuna wa madubi, ko wanda madubin bai yi masa ba.

Game da gashin ƙashi da koyon motsi, bayanin gajere ne. Babban bitar da aka yi a 2017 a kan masu shanyewar ɓarin jiki ya nuna cewa wasannin kwaikwayo ba su fi atisayen da aka saba ba, amma suna da amfani in aka ƙara su a kai, saboda suna sa mutum ya daɗe yana maimaita motsin da zai gundure shi. Wanda ya rasa ƙafa a Nasarawa buƙatarsa ta farko ƙafar roba ce da ta yi masa daidai, kuma manyan cibiyoyin wannan aiki a Arewa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da cibiyar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta taimaka aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020, duk tafiya ce mai nisa.

A sashen zamantakewa ya kamata mu rarrabe abu biyu da ake yawan gwamawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da bidiyon kewaye a 2015 game da wata yarinya 'yar Siriya a sansanin Za'atari na Jodan. A Nijeriya Joel Kachi Benson ya yi irinsa a sansanin Bakassi na Maiduguri, sannan ya yi na iyayen 'yan matan Chibok, wanda ya ci kyauta a bikin fina-finai na Benis a 2019. Waɗannan ayyuka ne masu daraja, amma masu kallonsu mutanen nesa ne da ake so su tausaya su taimaka. Wanda abin ya shafa shi ne ake kallo. Wayar da kai ne, kuma bai kamata a lissafa shi cikin magani ba. Akwai masu ganin cewa in aka sa mutum ya kalli duniya ta idon abokin gabarsa zuciyarsa za ta yi laushi. Muna ɗaukar wannan da taka-tsantsan, domin tushen rikicin kudancin Nasarawa gona ne da burtali da sarauta da rabon muƙamai, kuma mutanen sun riga sun san juna ido da ido.

Duk abin da muka faɗa yana komawa ga tambayar wa zai riƙe allon. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Fuskantarwa a hannun wanda bai ƙware ba tana iya buɗe rauni ta bar shi a buɗe. A nan darasin Yuganda ya fi na Amurka kusa da mu: a sansanin Nakivale, Frank Neuner da abokan aikinsa sun horar da 'yan gudun hijira su da kansu su yi wa 'yan'uwansu maganin ba da tarihin rayuwa, inda ake shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, a ɗora dutse a kan kowane baƙin ciki, fure a kan kowane farin ciki, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna raguwar ciwon. Wannan ya sa muke ganin ɗaya daga cikin hanyoyin da tabarau zai fi amfani shi ne a kan ma'aikacin lafiya na matakin farko, ya yi atisayen sauraron majinyacin kwaikwayo, ya koyi gane alamun ciwon firgita da lokacin da ya kamata ya tura mutum gaba, kafin ya zauna da mutum na gaske. Liman da fasto, waɗanda su ake fara kai wa mai mugun mafarki, su ma suna cikin waɗanda ya dace a koya wa wannan ganewar.

Akwai kuma sharuɗɗan aiki da ba a ganinsu daga nesa. Batirin irin waɗannan tabarau yakan yi awa biyu zuwa uku, don haka sai da sola, kuma sai abin da ke ciki ya yi aiki ba tare da intanet ba. Zafin bazara da ƙurar hunturu suna wahalar da na'ura, soson da ke taɓa fuska kuma yana buƙatar shafewa tsakanin mutum da mutum. Wasu sukan ji jiri ko tashin zuciya, mai farfaɗiya kuma sai likita ya duba shi tukuna. Rufe idon wanda aka taɓa kai wa farmaki ba ƙaramin abu ba ne: a bar shi ya juya na'urar a hannunsa, ya saka da kansa, ya zauna inda ya san ƙofa take, ya san yana iya cirewa a duk lokacin da ya so ba tare da ya nemi izini ba. Mace ta samu mace ta ɗaura mata. Hausa za ta isa a yi bayanin na'ura ga mafi yawan mutanen garin, amma labarin daren da aka gudu yakan fito ne da harshen uwa, don haka ƙungiyar masu aikin sai ta haɗa da masu jin Migili da Eggon da Tibi da Fulatanci, kuma a bar mai ciwon ya zaɓi wanda zai zauna da shi. Abin da ya faɗa a zaman, da sunayen da ya ambata, kada a naɗe su a cikin na'urar da ke aika bayanai zuwa kamfanin da ya ƙera ta; a rubuta abin da ya zama dole a fayil ɗin asibiti, a kulle.